Wankan Jegon Da Ban Ƙarasa Ba

Habibu da Jummai, wannan babin naku ne, kuma ban rubuta shi don ya yi muku daɗi ba. Ranar sadakar ukun Yayarku a Sandamu ina zaune a bakin ƙofar ɗaki, inda aka shimfiɗa mini tabarma ni kaɗai kamar yadda aka saba, sai na ji wata daga cikin dangin mijinta tana ce wa ta kusa da ita, wai ga uwar da ta kore ta da ɗanyen jego can, ko ɗigon hawaye babu a idonta. Ke Jummai kina wurin, kin ji, kika sunkuyar da kai. Maganar matar ba ta dame ni ba, na ji waɗanda suka fi ta. Sunkuyar da kanki ne ya tsaya mini a rai, don a nan na gane ku ma haka kuka ɗauka duk shekarun nan, kara kawai kuke yi mini. To ku saurara. Ba gafara nake nema ba, ban kuma ce dole ku ba ni gaskiya ba. So nake ku san abin da ya faru a gidan nan daminar da Yayarku ta haifi Asma'u, tunda ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka sani.

Kun buɗe ido kun gan ni da tari, sai kuke ganin kamar da shi aka haife ni. Kusan haka ne. Ƙyanda na yi ina ƙarama, ta sauka mini a ƙirji, tun daga nan ban sake sanin safiyar da ban tashi da kaki ba. Da shi na yi makaranta, da shi na yi aure, da shi na koyar a firamare, har yara kan jiyo tarina tun daga bakin ƙofar makaranta su koma kujerunsu su nutsu. Babu abin da ake ba mai tari a ƙasar Daura da ba a ɗura mini ba: zuma da tafarnuwa, man shanu da citta, rubutu, sassaƙe, har da turaren da aka lulluɓe ni da bargo a kansa, wanda ya kusa kai ni lahira da rana tsaka. Sau biyu ana ɗora ni a kan maganin tarin tibi, na sha wata da watanni har fitsarina ya koma ja, tari yana nan inda yake. Abin da maganin ya bar mini shi ne suna. Daga nan aka fara ware mini kofi a gidan biki, in na zauna mata su janye 'ya'yansu a hankali, suna yi mini sannu da murmushi. Na fi son a zage ni a kan irin wannan sannun.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu gari ya ɗauki murna, ko'ina wa'azi, ni kuwa ina kwance zazzaɓi yana cina. Babanku ya rufe rumfarsa ta dukanci ya kai ni babban asibiti a Kano. Aka tura ni cikin wata na'ura aka ɗauki hoton ƙirjina, wani likita mai furfura ya daɗe yana dubawa, sannan ya juyo.

Ya ce, "Malama, ba tibi gare ki ba, kuma ba wanda zai ɗauki wannan a wurinki, ko da kofi ɗaya kuke shan ruwa. Hanyoyin iska na cikin huhunki ne suka buɗe suka saki, ba sa iya turo majina waje, sai ta kwanta a ciki ta ruɓe. Ba ya warkewa. Amma ana zama da shi lafiya in an bi shi yadda yake so."

Ya faɗi sunan ciwon da Turanci, burankiyaktasis, na sa ya maimaita har na iya, don ban yarda a ce ina ɗauke da abin da ba zan iya kiran sunansa ba. Sannan ya koya mana zaman. Kullum da safe kafin in ci komai in kwanta a gangare, kaina ƙasa, a riƙa bubbuga mini baya da tafin hannu a dunƙule kamar za a ɗebi ruwa, har majinar ta taso in fitar. In yawaita shan ruwa. In riƙa tafiya a ƙasa. In na ga kakin ya koma kore ko ya fara wari, kada in jira, in nemi magani. Abin da ya fi nanatawa shi ne hayaƙi, na itace, na turare, na garwashi, duk ya ce in ɗauke su abokan gaba.

Muka dawo Daura Babanku ya samo bulo ya ɗaga ƙafafun gadona na baya. Girki kuwa muka riƙa ba Tabawa maƙwabciyarmu hatsi da cefane tana dafa mana a gidanta, murhun tsakar gidanmu ya mutu har kaji suka mai da shi wurin kwanciya. Bugun bayan Babanku ne ya ɗauka da kansa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana bugun fata, ashe hannun ya dace da aikin. Yana dawowa daga sallar asuba sai ya turo ƙofa ya rufe, ya naɗe hannun riga. In tarin ya taso ina ƙaƙari ina hawaye, yakan ce:

"Rakiya, rage wannan gurnanin. Kada maƙwabta su kai ni gaban alƙali su ce dukanki nake, kin san yanzu Shari'a ake yi."

In yi dariya, dariyar ta ƙara taso da majinar. Wallahi ban taɓa jin daɗin jikina kamar shekarar nan ba. Zazzaɓi ya ɗauke, na koma cin tuwo da gaske, zoben da ke yawo a yatsana ya matse. Nakan taka daga gida har makaranta ban tsaya jingina da katangar kowa ba. A lokacin ne aka aiko daga Sandamu cewa Yayarku tana da ciki.

Dole in tsaya a nan in yi muku bayanin abin da ku 'yan yanzu ba ku ɗauke shi komai ba. Kuna kiran 'ya'yanku na fari da sunansu, kuna ɗora su a cinya a gaban surukai, ba ruwanku. Mu ba haka aka raine mu ba. Yayarku ita ce 'yata ta fari, ana yaye ta Gwaggo Asabe, yayar Babanku, ta ɗauke ta. Sunanta ban taɓa furta shi ba, in kun gan shi a nan a bakin wasu ne. In mun haɗu a hanya nakan kawar da kai. A makarantar da nake koyarwa ta yi firamare, nakan tsaya ta bayan taga ina kallonta tana wasa, in wata malama ta nufo ni in yi kamar allo nake dubawa. Malama take ce mini, kamar kowane yaro a unguwa. Masu wa'azi a shekarun nan sun yi ta faɗa a lasifika cewa kunyar ɗan fari al'ada ce, ba addini ba. Na ji su, ban ƙaryata su ba. Amma abin da aka saka maka tun kana zanin goyo ba ya fita da wa'azin Juma'a ɗaya.

Ƙofa ɗaya al'adar ta bar wa uwa, ita ce wankan gida. In 'yar fari za ta yi haihuwar fari, gidan uwarta take dawowa, uwar ta dafa mata ruwa safe da yamma, ta wanke ta da hannunta har arba'in. Ni ma 'yar fari ce. Uwata ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba, har na girma ina zaton ba ta ƙaunata. Sai da na zo wankan gida na ji tafin hannunta a gadon bayana, ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba, amma ranar na san inda nake a zuciyarta. Tun ranar da Gwaggo Asabe ta goya Yayarku ta fita da ita daga gidan nan nake jiran nawa arba'in ɗin. Gwaggo Asabe ta rasu jim kaɗan bayan bikin Yayarku, don haka babu mai ja da ni a kan wankan. Haka na zata.

Cikin ya tsufa sai ga Hajiya Kande, uwar Nasiru mijin Yayarku, ta zo takanas daga Sandamu. Na kawo mata ruwa ta ce ta ƙoshi, alhali leɓenta a bushe. Bayan an gaisa ta gyara zama.

Ta ce, "Malama, ba raini ba ne ya kawo ni. Jinjiri ba shi da ƙarfin da zai ja da tari. Ki bar mana Saude ta haihu a can, mu ma mun iya dafa ruwa."

Na ce, "Hajiya, 'yar fari ce, haihuwar fari ce. A ina kika taɓa jin an yi wankan fari a gidan miji alhali uwa tana numfashi?"

Ta ce, "Ai numfashin ne abin dubawa."

Kun san halina. Na gaya mata abin da bai kamata in gaya wa suruka ba, ta tashi ta yafa gyalenta. Babanku ne ya gyara ɓarnar. Da lokacin komawata asibiti ya yi ya ce Nasiru ya raka mu, ya ji da kunnensa. Likitan ya gaya masa ko a ƙirjina jaririn zai kwana ba abin da zai ɗauka. Nasiru yaron kirki ne, ya ce shi ke nan, za a kawo ta. Amma da likitan ya ji zancen wankan jego ne sai ya ajiye alƙalaminsa ya ce ko wata ce za ta dafa ruwan, kada a hura wutar a gidan da nake kwana. A mota Babanku ya ce a nemi wata tsohuwa a unguwa, Yayarku ta riƙa zuwa can ana yi mata. Na ce masa in wata ce za ta wanke ta, me ya sa na yi faɗa da Hajiya Kande? Sai da muka kai Kazaure ya ce, "Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho." Na ce na ji, na kuma zaɓa. Har yau ban ce ban san abin da nake yi ba.

Aka kawo Yayarku goyon ciki damina ta kankama. Kai Habibu kana makarantar kwana a Katsina, ke Jummai ba ki fi aji uku ba. Ta sauka lafiya, 'ya mace. Washegari tun kafin kiran sallah na kori kaji daga murhu, na ɗora ƙatuwar tukunya, na zuba ganyen bedi, wanda Kanawa ke ce wa darbejiya. Itacen damina kun san shi, a jiƙe, sai ka durƙusa kana hurawa yana mayar maka da baƙin hayaƙi a fuska. Tsakar gidanmu kuwa tafin hannu ce, hayaƙin ba shi da wurin zuwa sai ɗakuna. Da ruwan ya tafasa na juye, na kira ta da "ke", ta zo ta zauna a kan turmi a bayan ɗaki ta ba ni baya. Akwai wata 'yar tawadar Allah a ƙasan kafaɗarta ta hagu. Rabona da ganinta tun tana shan nono. Na tsoma ganyen na fara fyaɗa mata.

Ta ce, "Malama, da zafi."

Na ce, "Daure."

Iyakar hirarmu ke nan, amma ni na ƙoshi. Na dama mata kunun kanwa, na gasa mata nama na barbaɗe da yaji, na sa garwashi a ɗakinta don kada sanyi ya shige ta. In ta yi barci da rana nakan ɗauki jaririyar in zauna a zaure inda ba mai ganina, in yi ta kallon 'yan yatsunta. Ban taɓa yin farin ciki irin na kwanakin nan ba, kuma ban sake ba.

Kwanciyar gangare kuwa na bar ta. Lokacinta shi ne lokacin hura wuta. Ban da haka, yaya za a yi Babanku ya rufe ƙofa da ni yana buga mini baya ina ƙaƙari, 'yar fari tana ɗakin da ke jikin namu tana ji? Bulon ma na sa ya cire, don mata 'yan barka suna shiga suna tambayar me ya sami gadon. Ya yi magana sau ɗaya, sau biyu, na ce a bari a yi suna. Aka yi suna aka sa wa yarinya Asma'u, na ce a bari baƙi su watse. Kaki ya koma kore na gani, na tofa a toka na rufe. Zazzaɓi ya dawo na ce gajiyar suna ce. In tari ya taso ina bakin murhu sai in haɗiye shi, don Hajiya Kande ta bar ƙanwarta a gidan, wai tana taya aiki, ni kuwa na san kunne aka bari.

Ana cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni a kaina abin ya faru da gaske. Ba mu kai rabin arba'in ba, wata la'asar ina tsaye a bayan Yayarku da ganye a hannu, tari ya taso wanda ba ya haɗiyuwa. Na juya gefe, abin da ya fito ba kaki ba ne. Jini ne, ja wur, ya ɓata mini gaban zani, ya sake zuwa. Na ji ta ƙwala ihu tana kiran Babanku, daga nan ban san abin da aka yi ba sai da na farka a asibitin garin nan da ƙarin ruwa a hannu. Suka ce sun tsayar da jinin amma ba su da tabbas, a wuce da ni Kano, kuma zan daɗe.

Babanku ya zo ya zauna a bakin gadon, ya tsufa a kwana ɗaya.

Ya ce, "Saude ta ba ni saƙo. Ta ce a kashe wutar, ta haƙura da wankan. Za ta bi mu Kano da jaririyar ta yi jinyarki."

Ku ji abin da ya zo mini a rai, don a nan ne duk maganar take. Mu abin da muka sani, maijegon da ta yanke wanka kafin arba'in sanyi ne zai shige ta, ta kumbura, wata ma ta mutu. Na ga waɗanda aka ce abin da ya kashe su ke nan. In ta zauna a Daura babu babbar mace a gidan, Tabawa ma da ta ji zancen jini a zaure take ajiye kwanon abinci ta juya. Wurin da za a ƙarasa mata wankan ɗaya ne, hannun Hajiya Kande. Sannan ban so yarinya ta tashi da cewa ruwan wankanta ne ya kusa kashe uwarta.

Na ce, "Malam, ta koma Sandamu. Kada kuma ka ce mata hayaƙi ne."

Ya ce, "To in ce mata me?"

Na ce, "Ka ce ni na ce."

Washegari muka biya ta gida ɗaukar kaya. Nasiru ya riga ya zo da motar da za ta mayar da ita. Aka zaunar da ni a zaure ina haki, Babanku da Nasiru suna tsaye, ƙanwar Hajiya Kande tana fitar da ƙullin kaya fuskarta kamar an yi mata albishir. Sai ga Yayarku ta fito da Asma'u a kafaɗa. Ba ta taɓa tsayawa a gabana ta dube ni kai tsaye ba sai ranar.

Ta ce, "Malama, in zauna?"

Ga ubanta, ga mijinta, ga baƙuwa. Wuyana ya ƙi ɗagowa. Na dubi ƙafar Babanku na ce:

"Malam, ka ce wa yarinyar nan mota tana jiranta."

Abin da kika gani ke nan, Jummai, kina laɓe a bayan ƙyaure. Kin ga Yayarki ta fita tana kuka, kin ji abin da na ce, ba ki ji sauran ba.

Na daɗe a Kano, na tashi. Aka mayar da bulo, murhu ya sake mutuwa. Hajiya Kande ta ƙarasa wankan, ta kuma samu abin faɗa har ƙarshen ranta: ai ta gaya musu, ga shi har jini. Duk bayanin Nasiru ya bi ruwa. Sauran haihuwar Yayarku duk a Sandamu aka yi, ba a ma sake tambayata ba. Takan zo da Sallah ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe ni, ta kawo mini atamfa, yaran kuwa an riga an ja musu kunne tun daga gida, daga tsakar gida suke miƙo gaisuwa. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba. Hajiya Kande take kira Inna.

Ciwon kuwa na iya zama da shi. Bayan rasuwar Babanku na koyi fitar da majinar da numfashi ni kaɗai, in ja a hankali in huro da ƙarfi kamar mai son ta dusashe madubi. Ba na tsallake safiya ko ranar Idi ce. Butar ruwan ɗumi ba ta rabuwa da ni, ina zagaya unguwa da yamma, ina ganin launin kaki ya canza nake tafiya asibiti. Kai Habibu ka sayo mini murhun gas na koma girkina. Har nuna ni ake yi wa sababbin masu irin ciwon, a ce ku ga Malama, ta fi shekara ashirin tana bin doka, ga ta garau. Nakan yi musu murmushi. Yanzu kuma ma'aikatan asibitin nan su ne ke cewa wankan jegon ma ba dole ba ne, wai ruwa mai tsananin zafi da kunun kanwa suna iya taɓa zuciyar mace. Ranar da na fara jin haka a rediyo kashe shi na yi. In gaskiyarsu ne, to da na bar ta ta bi ni Kano ba abin da zai same ta. Ban san wanda zan yarda da shi ba, kuma sanin ba zai dawo mini da komai ba.

Bara Asma'u ta yi haihuwar fari, ta dawo wankan gida wurin uwarta a Sandamu. Kai Habibu ka kai ni barka. Mun isa da la'asar, mata suna ɗaki wurin jariri, na tambayi inda Yayarku take aka ce tana bayan gida tana dafa ruwa. Na bar tabarmar da aka shimfiɗa mini na zagaya. Tana durƙushe a gaban murhu, kanta ya fara furfura. Ba kowa a wurin sai mu biyu, abin da bai taɓa faruwa ba tun ranar jinin. Ta ɗago ta gan ni ta miƙe da sauri.

Ta ce, "Malama, koma baya, hayaƙi. Shi ya kwantar da ke wancan karon."

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Ba wanda ya gaya mini. Ina kwance ina jin ki kina haɗiye tari a bakin murhu kullum asuba. Na ga ranar da aka cire bulon gadonki. Ni ban taɓa cewa kin kore ni ba, mutane ne suke faɗa." Ta gyara itacen da ƙafa, ba ta dube ni ba. "Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Ke na tambaya, kika ba Baba amsa."

Ta tsaya, ƙwarya a hannunta, tana jira. Na rantse muku na buɗe baki. Maganar tana nan a harshena, har da sunan. Iska ta juyo da hayaƙin kaina, tari ya sarƙe ni, irin wanda ke durƙusar da mutum. Mata suka jiyo suka fito da gudu, wannan ta kama ni, waccan tana a kawo ruwa, aka janye ni zuwa zaure. Kafin ƙirjina ya lafa ruwan wanka ya tafasa, Asma'u tana jira, gida ya cika da 'yan barka, kai kuma kana ta duba agogo kana cewa kada magariba ta yi mana a hanya.

Yayarku ta rako mu har bakin mota, hannunta duk toka. Mutane suna tsaye a ƙofar gida, Nasiru yana cikinsu. Ta sunkuyo ta taga ta ce, "Sai kin dawo suna, Malama. Allah ya ƙara sauƙi."

Ka tuna abin da na yi, Habibu? Na dubi sitiyarin motarka na ce, "Ka ce wa Yayarka mun gode." Ka juya kana dariya ka ce, "Yaya, wai an gode." Ta ce ta ji.

Suna ban je ba, hayaƙin ranar ya tayar mini da ƙirji na kwanta. Na ce in na warware zan koma ni kaɗai, a motar haya, ranar da ba taro. Ban warware da wuri ba. Yayarku kuma hawan jini ya buge ta wata safiya tana shara, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Waccan godiyar ita ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakanina da 'yata, kuma kai ka kai mata ita.